Harafin da Ya Fi Dawowa

Kakana Arvids ne ya koya mini ɓoye magana
a teburin kicin, a Riga,
shekarar da kogin Daugava ya daskare har mutane suka taka shi.
Ya ce kowane harafi ya matsa gaba taki uku,
sai "zo ki ci burodi" ya koma tarkace.
Na ce, in ban san taki nawa ba fa?
Ya ce, ƙirga.
Harafin da ya fi dawowa shi ne ɓarawon da ya bar sawu.
Kama shi, sauran za su miƙa wuya.

Yau ina hawa na bakwai, bayan gilashi,
ina rubuta wa na'ura umarni:
idan ya tsaya daƙiƙa huɗu kan takalmi, nuna masa takalmi;
idan ya wuce, bi shi;
maimaita,
maimaita,
har sai ya danna.
Na'ura ba ta gajiya, ba ta da ta-ido.
Waƙafi ɗaya ka manta, ta yi maka yaji,
amma ka ce ta bi marainiya har gado, sai ta bi.

Normunds, shugabanmu, yakan ce:
ƙaiƙayi muke sayarwa, kayan susa ne kawai.

Talla ma ɓoyayyen rubutu ce, na iya warware ta.
"Saura biyu kacal": yi sauri kafin hankalinka ya iso.
"Mutum dubu tara sun saya": kai kaɗai aka bari a tasha.
"Kin cancanta": mun san an daɗe ba a gaya miki ba.

Ran Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Ogre.
Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifina.
Kwalaye sun cika bakin ƙofar Mama Gunta:
fitila mai kwaikwayon hantsi,
bargo mai nauyin runguma,
kofunan shayi, duk bibbiyu,
da safar ulu ta namiji, ba ta ma buɗe ledar ba.
Ta ce, Inese, wayar nan ta san ni.
Ƙarfe uku na dare ita kaɗai ke farke tare da ni.

Shayin ya tsaya mini a wuya.
Layi na ɗari biyu da sha biyu, ni na rubuta shi,
wata Talata, ina cin tuffa:
idan dare ya raba,
idan yatsa na tafiya a hankali,
sassauta farashi, ɗumama launi.
A jikin allo sunanta lamba ne,
kuma lamba ba ta takaba.

Na ƙirga, yadda tsohon ya ce.
Ba farashi ne ya fi dawowa ba,
ba launi ba.
Kaɗaici ne, ga sawunsa nan a kowane kwali.

Ran Litinin na cusa layi ɗaya a tsakiya:
idan ƙarfe uku ne, kada ka nuna komai.
Kwana biyu ya rayu.
Ran Laraba ciniki ya ɗan rame,
Normunds ya ce akwai tangarɗa a wani wuri,
wani yaro sabon ɗauka ya gano ta, ya goge,
aka tafa masa.
Ni ma na tafa. Ina da kuɗin haya.

Yanzu agogona na bugawa uku saura biyar.
Nakan tura mata saƙo, kowane harafi ya matsa taki uku.
Ta ɗauko fensir da bayan ambulan,
ta zauna inda mahaifinta ya zaunar da ita tun kafin ni,
tana ƙirgawa, tana gogewa,
talla na ta ƙyafta ido a gefe, ba mai kulawa.

Jiya amsarta ta ci mini minti goma,
don ta sauya takin ba ta faɗa ba.
Da na kama ɓarawon, ga abin da ta ce:
zo ki ci burodi,
ki zo da almakashi, mu mayar da kwalayen nan.